Malam Edita, yatsu biyu sun kusa rusa mana aure

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya taimaka. Ni malamin makarantar sakandare ne a nan cikin birnin Katsina, kuma ni ne ɗan bokon gidanmu, duk abun da ya shafi Turanci ni ake kira, daga takardar asibiti har saƙon banki. Abun da ya faru a gidanmu kwanakin baya shi ya sa na ce sai na rubuto maka, don na san ba mu kaɗai irin wannan ke samu ba. In ka ga wasiƙar ta yi tsawo ka yi haƙuri ka rage inda ka ga dama, amma don Allah kar ka cire min wurin kwaɗo.

Ɗan yayana ne ya samu tallafin karatu ya tafi Amurka, Jami'ar Teksas da ke birnin Ostin, ya yi digiri na biyu a injiniyancin man fetur. Ranar da suka yi bikin yaye ɗalibai ya turo hoto guruf ɗin gida na WhatsApp, yana sanye da baƙar rigar nan da hula mai faɗi kamar faranti, abokansa biyu a gefe sai washe baki suke, su duka ukun sun ɗaga hannu sama, manuniya da ƙaramin yatsa a miƙe, yatsu biyun tsakiya a lanƙwashe babban yatsa ya danne su. Bayan sallar asuba muka gani. Mata suka fara zubo masha Allah da Allah ya sa albarka, wata ƙanwarmu har guɗa ta yi ta turo, ba a yi minti goma ba sai ga saƙon murya daga Kawu, wan mahaifiyarmu, wanda in ya yi magana a gidan nan ba mai tari. Ya ce "ku dakata da wannan guɗa tukuna, mi yaron nan shike yi da hannu? Ni dai na san wannan alama, ta matsafa ce, an kai yaro karatu an maido mana da wani abu daban." Shikenan guruf ya yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa.

Kafin ƙarfe tara wani ɗan ƙanen babanmu, wanda aikinsa kenan tura duk abun da aka turo masa, ya jero bidiyo guda uku na Iluminati, ga mawaƙan Turawa, ga shugabannin ƙasashe, kowa an zagaye hannunsa da jan zane ana kiɗa mai ban tsoro a ƙasa. Hajiya, uwar yaron, ta shiga ɗaki ta rufe, ko koko ba ta sha ba. Shi kuwa gogan naka yana can yana sharar barci, don tsakaninmu da su awa shida ne a wannan lokacin na shekara, ya tura hoto da daddare ya kashe waya ya kwanta bai san wutar da ya kunna ba. Babban tashin hankalin ma ba a gidanmu yake ba. Yarinyar da zai aura 'yar Daura ce, an riga an kai kuɗin gaisuwa, ita kuma don murna ta ɗora hoton a sitatus, baffanta ya gani, kafin azahar an bugo wa Yaya waya cikin ladabi ana cewa a ɗan dakata da maganar sa rana tukuna za su yi shawara. Ka san ma'anar "za mu yi shawara" a bakin surukai.

Abun dariyar, wanda ya fara warware maganar ba ɗan boko bane. Da la'asar na je majalisarmu ina nuna hoton ina tambaya ko akwai wanda ya taɓa gani, ana ta kame-kame, sai mai tsiren da ke gefenmu, dattijo ne yanzu amma a ƙuruciyarsa ya yi hawan ƙaho har da tabo a cinya, ya goge hannu a tsumma ya ce a miƙo masa. Ya buɗa hoton da yatsu, ya kai shi kusa da ido, ya ce "Malam, ba ga kan sa nan a rigar abokinsa ba? Wannan ai ƙaho suke yi, kuma irin na rahaji ne." Na karɓa na duba, wallahi ga shi nan ƙuru-ƙuru, zanen kan sa mai dogayen ƙahoni, ruwan lemo mai duhu, a ƙirjin rigar da ɗaya yaron ya sa a ciki. Mu duka da digirorinmu hannu muke kallo ba wanda ya kalli riga.

Da yaron ya tashi ya bugo min, ina faɗa masa ya fashe da dariya, na ce ka daina dariya uwarka ba ta ci abinci ba. Ya nutsu ya yi min bayani, ni ma daga baya na zauna na karanta da kaina don kar in je gaban manya da "yaro ya ce". Ga abun da yake.

Ita wannan jami'a tsohuwa ce, tun 1883 aka buɗe ta, kuma su can kowace jami'a tana da dabbar da ta riƙa a matsayin tambarinta na wasanni, kamar dai yadda muke cewa Super Eagles. Tasu dabbar sa ne, irin shanun Teksas masu dogon ƙaho, wanda wani daga tsinin wannan ƙaho zuwa tsinin wancan ya fi tsawon mutum. Har sa mai rai suke da shi, sunansa Bevo, tun 1916 aka fara kawo shi filin wasa, in wani ya tsufa ko ya mutu a kawo wani a sa masa sunan. Wasan da suka fi haukacewa a kai kuma ba ƙwallonmu bane, irin tasu ce ta Amurka wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ana ture-ture da hular kwano a kai, filinsu na cikin makaranta yana cin sama da mutum 100,000, filin ƙwallonmu na Karkanda a nan Katsina bai kai rabinsa ba, ka ji fa filin makaranta.

Toh a watan Nuwamba na 1955 za su kara da wata jami'a ta birnin Fort Worth da ake ce wa TCU. Al'adarsu ce ana gobe wasa a tara ɗalibai a yi gangamin zuga, a yi waƙe a yi ihu, akwai ma waɗanda aikinsu kenan zuga 'yan kallo, kamar sanƙira a fagen dambe. Shugaban masu zugar a wannan shekara wani ɗalibi ne Harley Clark. Wani abokinsa Henry Pitts shi ya nuna masa cewa in ka miƙe manuniya da ƙaramin yatsa ka lanƙwashe saura, sai ya ba da siffar kan sa, kuma wai a wajen wasan inuwa ya gano, irin wanda muke yi muna yara da fitilar ƙwai a jikin bango, mu yi kare mu yi zomo. Clark ya hau dandamali a daren gangamin ya ɗaga hannu ya ce daga yau wannan ce alamarmu, ba wanda ya ba shi izini, ba majalisar jami'a ba shugaba, ɗalibi ne kawai bakinsa ya kai. Suna haɗa ta da kirarinsu Hook 'em Horns, ma'ana dai ku soke su da ƙaho, ku tunkuye su. Washegari fili ya cika da hannuwa a sama, kuma aka lallasa su 47 da 20. Ranar farko kenan. In da tsafi ne Malam Edita ai boka ya ci kuɗinsu.

Shi wannan Clark daga baya lauya ya zama har ya kai alƙali, kuma a 1987 shi ya yanke hukuncin cewa yadda jihar Teksas ke raba kuɗin makarantun gwamnati ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, saboda yankunan talakawa ana barinsu a baya. Ni a matsayina na malamin makarantar gwamnati da na karanta wannan sai na ji mutumin ya burge ni fiye da batun yatsun ma. Ya rasu a 2014.

Yanzu ga wurin kwaɗon. Dalilin da ya sa suka ji suna buƙatar alama shi ne kishiya. Akwai babbar abokiyar hamayyarsu, Teksas A&M, wadda asalinta kwalejin noma da kanikanci ce, su sun riga kowa, tun 1930 suke da tasu, dunƙule hannu a ɗaga babban yatsa sama. Yadda ta samo asali shi ne su ma za su yi wasa da TCU ɗin nan, ita kuma TCU tambarinta wani ɗan ƙadangare ne mai ƙaho da su can suke kira kwaɗo mai ƙaho, sai wani tsohon ɗalibinsu Pinky Downs ya tashi a gangami ya tambaya me za mu yi wa kwaɗin nan, ya ba kansa amsa da Gig 'em, wato a cake su da irin mashin da masu farautar kwaɗi suke amfani da shi, ya ɗaga babban yatsa. Shekara ashirin da biyar 'yan Ostin suna kallo ana ɗaga musu yatsa ba su da abun ramawa. Ka ga asalin maganar kenan, hamayyar ƙwallo da farautar kwaɗi, irin dai abun da ke tsakanin masoya Katsina United da Kano Pillars.

Daga nan abu ya zama yayi a jihar. Jami'ar Hiyuston tambarinsu wata irin damisa ce, a 1953 ana kai ta wasa Ostin ƙofar keji ta datse mata yatsa ɗaya, 'yan Teksas suka riƙa lanƙwashe yatsan zobe suna musu tsiya, su kuma maimakon su ji haushi sai suka ɗauke abun ya zama alamarsu har yau, a 1976 suka je har gida suka ci Teksas 30 da nema suna ɗaga musu hannun. Teksas Tech kuma bindiga suke yi da babban yatsa da manuniya, wannan kam na gode Allah ba can yaronmu ya je ba, ka yi tunanin a ga hoton ɗan Katsina yana nuna bindiga da hannu biyu a irin halin da muke ciki, ai ba surukai kaɗai za su ce a dakata ba. 'Yan Oklahoma su kuma in za su ci fuskar Teksas sai su yi ƙahon su kifa shi ƙasa.

Amma fa Kawu ba shi ne farkon wanda ya ga alamar nan gabansa ya faɗi ba, kuma wannan ne ya ɗan sanyaya masa rai da na gaya masa. Tun a daren da aka ƙirƙiro ta, kamar yadda shi Clark ɗin ya riƙa ba da labari, babban jami'in kula da ɗalibai ya tare shi ransa a ɓace yana tambayarsa ko ya san abun da wannan ke nufi a Sisili, wani tsibiri na ƙasar Italiya. Don a Italiya in ka nuna wa magidanci ƙaho da yatsu, ce masa ka yi matarsa tana cin amanarsa, zagi ne da ake faɗa a kai. Su kuma dai Italiyawan in suka juya shi ƙasa to neman tsari suke daga kambun baka da mugun ido. Masu wani irin kiɗa mai hayaniya na Turawa su ma suna ɗaga ta a wajen casu, daga can ne ma aka fi danganta ta da shaiɗan. Sannan a watan Janairu na 2005, ranar da aka rantsar da Joj Bush karo na biyu, masu badujalar Jami'ar Teksas suna wucewa a fareti, shi da iyalinsa suka ɗaga musu ƙaho, tunda tsohon gwamnan jihar ne kuma 'yarsa Jenna can ta gama, hoto ya isa ƙasar Norwe mutane suka ɗauka gaisuwar shaiɗan ce iyalin shugaban Amurka suke yi, har jarida ta buga. Turawa ne fa, masu wuta awa ashirin da huɗu. Irin waɗannan hotunan ne ake tsintowa a zagaye da jan zane a sa kiɗa a turo mana a ce ga hujja.

Ni abun da na ce wa Kawu, kuma shi nake so masu karatu su duba, mu kanmu ai muna da irin wannan. Ka ware yatsunka biyar ka turo wa Bakatsine tafin hannu a fuska ka ga abun da zai biyo baya, mu da aka sani da rashin ƙyale ashar ta kwana. Daƙuwa ce, uwa ka zaga. Amma Bature haka yake gaisuwa daga nesa, haka yake cewa tsaya, haka yake nuna biyar. Yaron ya ce satinsa na farko a can wani malaminsu ya ware masa hannu daga ƙarshen baranda yana murmushi, sai da ya ji wani abu ya tokare masa maƙoshi kafin ya tuna inda yake. Mu kuma jinjina da muke yi ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro, a dunƙule hannu a ɗaga wa Sarki, wanda bai sani ba sai ya ce barazana ake wa Mai Martaba, alhali ƙarshen biyayya kenan.

Ban ce tsoron Kawu shirme bane, ko kaɗan. A jami'o'in ƙasar nan akwai ƙungiyoyin asiri na gaske, suna da nasu gaisuwar hannu da launin hula da kalmomi, an kashe 'ya'yan mutane a kansu, duk uban da ya tura ɗa makaranta yana da haƙƙin gabansa ya faɗi in ya ga abun da bai gane ba. Bambancin shi ne ɗan ƙungiyar asiri ɓoye alamarsa yake, ba ya yinta a hoton yaye ya tura wa uwarsa, wannan kuwa mutum dubu ɗari ke ɗagawa da rana tsaka a talabijin, har jarirai ana lanƙwasa musu yatsu a ɗauki hoto. Kuma shi ma yaron ban ƙyale shi ba, na ce kai da ka tashi a gidan nan ka san Kawu, ka san guruf ɗin nan, layi ɗaya na bayani a ƙasan hoto zai gagare ka? Ya ce Baffa wallahi ko a raina, shekara biyu kullum ina gani har na manta abun tambaya ne. Abun da ya fi ƙona min rai shi ne mai turo bidiyon, wanda yana da lambar yaron amma ya ga ya fi masa sauƙi ya yanke hukunci a gaban mutum arba'in da ya jira awa shida ya tambaya, kuma har yau bai ce a yi haƙuri ba, sai ma wani sabon bidiyo da ya turo jiya a kan maganin hawan jini.

A majalisa wani ya kawo shawarar wai mu ma jami'o'inmu su yi tasu alamar, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Alƙalam, ga ta tarayya a Dutsin-Ma, ga ta sufuri a Daura, in an je wasannin jami'o'i a san namu. Muka zauna lissafi sai muka ga 'yan siyasa sun riga sun rabe yatsun. Ɗaya na NPN ne tun zamanin Shagari, biyu na Awolowo, huɗu da huɗu kowa ya san na Baba Buhari ne a zaɓen 2019, biyar daƙuwa, dunƙule na Sarki. Uku kaɗai ta rage, ita ma na tabbata kafin zaɓe mai zuwa wani zai ɗauka. Mai tsire ya ce a ba shi kwangilar, shi ƙahon zai maido gida tunda mu ne masu shanun, duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ya san Teksas ba za ta nuna mana ƙaho ba.

Ranar Asabar ni da Yaya muka kama hanyar Daura, na buga hoton Bevo da na filin wasan cike da hannuwa a takarda, don na san baffan yarinyar ba mai yarda da abun cikin waya bane. Aka shimfiɗa mana darduma a zaure, aka kawo fura, na yi bayani tun daga kwaɗo har Norwe. Dattijon ya daɗe yana kallon hoton san, ya ce "Malam, wannan in an kai shi kasuwa nawa zai yi?" Aka yi dariya, daga nan maganar ta koma kan sa rana, an tsayar bayan babbar Sallah in Allah ya kai mu.

Kawu dai ya janye batun tsafi amma bai sauka duka ba, ya ce ko ba tsafi bane kwaikwayon Nasara ne kuma shi bai ga abun da ya haɗa mai digiri biyu da kwaikwayon sa ba. Wannan na bar wa malamai, ni Turanci nake koyarwa. Sharaɗin da ya kafa shi ne hoton da za a rataya a falo sai wanda hannu ke ƙasa, yaron ya turo wani yana rungume da takardar shaidarsa, shi aka wanke aka sa a firam. Sai dai tun ranar yaran gidan suka koya, jiya ma na shigo na tarar da su huɗu sun zagaye ragon layyar Kawu suna ɗaga masa yatsu biyu, shi kuma Kawu yana kan tabarma da carbi ya kau da kai kamar bai gani ba.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naka,
wani malamin makaranta,
Ƙofar Ƙaura, Katsina